Tsohuwar tele da sabon akwati: in hoto ya dushe, laifin wa?

Tun da ƙananan akwatunan kallo ta intanet suka shigo kasuwannin Maraɗi, gidaje da dama sun sake tada tsofaffin telebijin da aka daɗe da jinginewa a lungu. Sai dai wata matsala ta biyo baya, wadda ke cin kuɗin magidanta a banza: murya na fita tangaran, hoto kuwa sai ya riƙa dushewa kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata. Wasu sun koma wajen mai kanti da faɗa, wasu sun sayar da tele a wulaƙance, alhali sau da yawa cutar ba ta kai haka ba. Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa kafin hoto ya bayyana: kuran, akwati, waya, da ita tele. Wanda ya san yadda zai gane mai laifi cikinsu ya tsira da kuɗinsa.

Inda abin ya samo asali

Haɗa na'urorin da ba su jin maganar juna ba sabon abu ba ne ga mutanen Maraɗi. Telebijin ta shigo Nijar a shekara ta 1964 domin karantarwa a lakkol, kana a ƙarshen shekarun 1970, zamanin mulkin Seyni Kountché, Télé Sahel ta fara watsa shirye-shirye ga jama'a baki ɗaya. Tun lokacin aka samu saɓani na farko. Nijar ta bi tsarin launi na Faransa mai suna SECAM, Nijeriya kuwa ta bi wanda ake kira PAL. Mutumin Maraɗi, wanda Katsina ta fi Yamai kusa da shi nesa ba kusa ba, in ya ɗaga antan ya kamo tashar ƙetaren iyaka, ko ya sa kaset ɗin da aka sayo a Kano, sai ya ga hoto fari da baƙi, wani lokaci ma babu murya. Shi ya sa 'yan kasuwar birnin suka koma shigo da tele mai karɓar tsari iri-iri.

Daga 1990 finafinan Hausa na bidiyo suka fara fitowa daga Kano, kowane gida yana son na'urar kaset. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, jama'a suka ƙara riƙo da gyara da sayen kwance. Bayan kaset aka yi zamanin faifai, aka yi na farabol da dekodar. Yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a Janeba a 2006 ta tsaida ranar 17 ga Yuni 2015 domin barin tsohuwar hanyar watsa hoto a koma ta zamani, abin da ya ƙara tura mutane sayen dekodar. Yau kuma ga akwatin intanet, wanda da shi ake bin finafinai masu dogon zango a YouTube da wasannin ƙwallon Turai. A duk tsawon wannan tafiya, akwatin da ke bisa tebur ne ke sauyawa. Tele tana nan inda take. To, akwatin yau an ƙera shi ne da tunanin tele ta yau, kuma daga nan yawancin rigimar ke tasowa.

Gwaji uku da ba su cin ko dala

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a kira mai gyara, mai karatu na iya yin gwaji uku da kansa.

Na farko, a lokacin da hoto ya dushe, a ɗauki telekomandin tele, ba na akwati ba, a ƙara murya ko a buɗe jerin saitinta. Rubutun da zai fito a kan gilashi daga cikin tele yake zuwa, bai ratsa ta akwati ko waya ba. In rubutun ya fito da haske garau alhali fim ɗin da ke bayansa ya yi duhu, tele lafiyarta lau, sai a nemi cutar wajen akwati ko waya. In kuwa rubutun ma ya dushe tare da hoton, magana ta koma kan tele ko kuran.

Na biyu, a lura da lokaci. Hoton da ke da kyau da hantsi amma yake raunana tsakanin magariba da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko yake ƙyaftawa duk sa'ad da firigo ya tashi, yana nuna kuran ne ya gaza. Wanda kuwa ke farawa da duhu in an kunna, sa'an nan ya yi ta washewa bayan 'yan mintoci, alamar tsufan tele ne. Wanda ke dushewa bayan an tsaida fim an tafi wani uzuri, wannan saiti ne kawai.

Na uku, a yi musanya. A ɗauki akwatin a kai shi gidan maƙwabci a gwada da tasa tele, ko a jona wa tele wata na'ura dabam, kamar tsohuwar dekodar ko na'urar faifai. Inda duhu ya bi, can cutar take.

Idan kuran ne

Wutar da ke zuwa gidaje a Nijar bolt 220 ce a ƙa'ida. Maraɗi na samun babban kaso na wutarta ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kana kamfanin NIGELEC ya rarraba ta cikin unguwanni. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, kowane gida na kunna fanka da firigo a lokaci guda, sai ƙarfin wuta ya ragu, musamman ga waɗanda ke ƙarshen layi, nesa da transifo. Siririyar waya a cikin gida, ko wadda aka jawo mai tsawo daga kontar maƙwabci, tana ƙara rage abin da ya rage.

A nan akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Cajar ƙaramin akwati, in an duba rubutun jikinta, galibi tana karɓar wuta daga bolt 100 har 240. Saboda haka ko kuran ya faɗi, akwati na ci gaba da aikinsa, fitilarsa na ci, murya na fita. Tsohuwar tele mai doro kuwa, musamman wadda kayan cikinta suka gaji, ba ta da wannan juriya: hoto sai ya tsuke, baƙin layi ya bayyana a gefe, haske ya ragu. Mai gida, da yake akwati ne baƙo a ɗakin, shi yake ɗora wa laifi. Duk mai aikin lantarki yana da na'urar awon bolt. Awo ɗaya da rana, ɗaya da dare, sun isa raba gardama. Magani shi ne regilatar mai ƙarfin da ya dace, a keɓe shi ga tele da akwati, kada a haɗa shi da firigo ko ƙarfen guga.

Tsakanin watan Agusta na 2023 da Maris na 2024, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, gidaje da rumfunan kallo da yawa sun koma ga injin wuta da faifan hasken rana, wasu kuma ba su sake barinsu ba. A Tibiri da Jiratawa da ƙauyukan kewaye, dama can akwai masu kallo da batir mai bolt 12. Su ma dokar ɗaya ce: ƙaramin injin da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa ba ya ba da wuta tsayayya, batir kuma in dare ya yi nisa ƙarfinsa sauka yake yi, hoto ya bi shi. Wanda tele ɗinsa ke dushewa kullum a ƙarshen fim, batirinsa ya kamata ya kai awo.

Idan akwatin ne

Abu mafi sauƙi shi ne saitin hutun gilashi. Yawancin akwatuna, in an tsaida kallo na 'yan mintoci, suna rage haske da kansu, da an taɓa telekomandi kuma sai ya dawo. Ana iya tsawaita lokacin ko a kashe shi a cikin saiti.

Na biyu shi ne abin da ake kira HDR. Wani salon hoto ne da ya bazu tun daga wajen 2015, wanda aka shirya domin sababbin tele masu tsananin haske. In akwati ya aika irin wannan hoto ga tele ɗin da ba ta san shi ba, sai launi ya koɗe, fuskokin mutane su yi toka-toka, dare a cikin fim ya zama duhu sosai. Alamarsa ita ce wasu finafinai na fita da kyau, wasu kuwa, musamman sababbi, suna fita a dushe. A shiga saitin hoto na akwati, inda aka rubuta « Affichage » ko « Image », a kashe HDR, kana a sauke girman hoto zuwa 1080 ko 720, gwargwadon abin da tele ke ɗauka.

Na uku ya shafi ma'aunin baƙi da fari. Na'urorin kwamfuta na ƙirga haske daga 0 zuwa 255, telebijin kuwa ta saba da 16 zuwa 235. In akwati na magana da ma'auni na farko, tele na sauraro da na biyu, duk abin da ke cikin inuwa sai ya nutse cikin baƙi, ba a bambanta baƙar riga da bangon da ke bayanta. In aka yi akasin haka, hoto sai ya yi fari-fari kamar an shafa masa gari. A cikin saiti za a ga zaɓi biyu, « Limité » da « Complet ». Ga tsohuwar tele, na farkon ne ya fi dacewa.

Akwai kuma masu jona akwati a ƙofar USB ta tele domin ya sha wuta daga can. Tsohuwar ƙofar USB ba ta ba da wutar da ta isa, akwati sai ya riƙa ƙyaftawa ko ya mutu ya sake tashi. A ba shi cajarsa ta asali, a jona a bango.

Idan waya ce

Tele mai doro ba ta da ƙofar HDMI. Saboda haka ake sayen wata 'yar na'ura mai juya hoto zuwa wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja. Rawayar ce ke ɗauke da hoto. Ita wannan 'yar na'ura tana bukatar tata wuta ta bolt 5, kuma mutane da yawa ba su jona mata, suna ganin ai tana aiki haka nan; sakamakon shi ne hoto mai rauni da rawa. A gefenta akwai ɗan maɓalli mai zaɓi biyu, PAL da NTSC. A ƙasarmu PAL za a zaɓa. In kuwa tele ɗin tsohuwar ƙirar Faransa ce da ba ta san komai ba sai SECAM, fari da baƙi za ta nuna ko me aka yi, domin waɗannan na'urori ba su fitar da SECAM.

Masu rumfunan kallon ƙwallo suna da tasu matsala. Domin 'yan baya su gani, sukan tsaga wayar hoto gida biyu a kai wa tele biyu. Ƙarfin hoton da ke bin rawayar waya bolt 1 ne kacal, an kuma auna shi ne domin tele ɗaya. Da an raba shi biyu sai ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, duka biyun su dushe. Akwai na'urar rarraba hoto mai tata wuta wadda aka yi domin wannan aiki, kuma kuɗinta bai kai asarar 'yan kallon da za su koma rumfar gaba ba.

Sai kuma masu tele ɗin da ba ta da ƙofa sai ta antan, waɗanda ke ratsa hoto ta cikin tsohuwar na'urar kaset. In haske na hawa yana sauka a kai a kai kamar numfashi, to kariyar hana kwafi ce mai suna Macrovision, wadda kamfanonin fim na Amurka suka fara amfani da ita a tsakiyar shekarun 1980. Na'urorin faifai da wasu dekodoji suna sa ta cikin hoto domin ta rikita na'urar kaset. A fitar da na'urar kaset daga tsakani, a sa modilatar a madadinta. Kada kuma a raina tsatsa da ƙura a bakin waya: goge su, ko sauya wayar ɗungum, ya sha warkar da tele ɗin da aka yanke wa ƙauna.

Idan tele ta bango ce

Tele ta bango, wadda kowa ke kira falasma ko da ba ita ba ce, gilashinta ba ya haske da kansa. Fitilu ne a bayansa. Da yawa daga cikin na kwance da ke iso mana an yi su ne domin kasuwar Turai, inda tun wajen 2010 dokokin tsimin wuta suka sa ake fitar da su da saitin rage haske. Abin da ya ishi ɗaki a ƙasar sanyi ba zai ishi rumfa a Maraɗi da tsakar rana ba. A nemi inda aka rubuta « Économie d'énergie » ko « Mode éco » a kashe, a kashe « Contraste dynamique » wanda ke rage haske duk sa'ad da fim ya shiga dare, kana a ƙara « Rétroéclairage », domin shi ne ke sarrafa fitilun baya.

Wasu tele suna da ɗan ido a ƙasan gilashi mai auna hasken ɗaki. In ɗaki ya yi duhu, sai ya umarci tele ta rage nata haske. To, daidai wurin ne mutane suka fi ajiye sabon akwati, ko furen roba, ko gefen kyallen ado ya sauko ya rufe shi. Tele sai ta ɗauka dare ya yi. Matsar da akwati taƙi ɗaya na iya zama duk gyaran da ake nema.

In duk wannan bai yi ba, a kashe fitilar ɗaki, a haska tocilan a jikin gilashi daga kusa, a karkace. In ana hango hoto dishi-dishi yana motsi, gilashi lafiya yake, fitilun baya ne suka mutu, kuma masu gyara na sauya su. Bayan gyara kada a bar su a ƙarshen ƙarfinsu, domin zafi ne ke kashe su da wuri.

Idan mai doro ce

Ita mai doro, tulun gilashin da masu gyara ke kira tib shi ne ranta. A wuyansa akwai bindigogi uku, na ja da kore da shuɗi, masu sa fuskar gilashi ta yi haske, kuma da shekaru ƙarfinsu raguwa yake yi. Alamun tsufan tib su ne jinkirin washewa, launi ɗaya ya rinjayi sauran, fari kuma ya riƙa jan wutsiya. Amma kafin a yanke masa hukunci, a fara da abu biyu. Gilashin mai doro yana jawo ƙura, ƙurar hunturu kuwa kowa ya san ta. A cire wuta a goge da kyalle mai ɗan danshi. Sa'an nan a sa mai gyara ya duba ƙananan kondansatar da ke kan faranti. Akwai ruwa a cikinsu wanda zafi ke busarwa, kuma masana lantarki sun ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na rage kwanansu da rabi. Ga zafin gari, ga kyallen da ake lulluɓe tele da shi tana aiki, wanda ke toshe ramukan shan iska. Sauya kondansatar ƙaramin aiki ne mai araha, kuma sau da yawa shi ke maido da haske.

Ya kamata mai tele ya tambayi abin da aka yi masa. A jikin babban transifo na ciki akwai wani ɗan abin murɗawa mai ƙara haske. In an murɗa shi daidai, gyara ne, in an wuce kima, hoto sai ya yi toka da siraran layuka. Akwai kuma dabarar ƙara wa wuyan tib wuta fiye da bolt 6,3 da aka ƙayyade masa. Hoto zai yi kyau a ranar, amma abin da ya rage na kwanan tib ne ake ƙonewa da sauri. Mai gyara na gari yakan faɗi haka tun farko, ya bar mai kaya ya zaɓa. Dalili kuwa shi ne sabon tib ba ya samuwa: kamfanin Sony ya daina ƙera nasa tun 2008, sauran ma sun bi baya, abin da ke kasuwa sai wanda aka ciro daga wata matacciya.

Gargaɗi ga matasa masu son taɓe-taɓe: cikin mai doro akwai wutar da ta kai bolt dubu 25, kuma tib na riƙe da ita ko bayan an cire waya daga bango. Buɗe bayanta aikin gwani ne. In kuma ta mutu murus, kada a fasa ta a juji ko a jefa ta cikin kwata. Gilashin tib na ɗauke da dalma, fitilun tsofaffin tele na bango kuma suna da zaiba, ruwan damina kuwa Gulbi yake kai komai, inda lambunan da ke ciyar da birni suke. Masu gyara na karɓar matacciyar tele domin kayan cikinta.

A gyara ko a sauya?

In gwaji ya nuna saiti ne, ko waya, ko kuran, ko kondansatar, ko fitilun baya, babu dalilin rabuwa da tele. Da tsohuwar zuma ake magani. In kuwa tib ne ya ƙare, kuɗin da za a zuba ba za su dawo ba. Mai amfani da batir ma ya sa wannan a lissafi: mai doro na shan wuta ninki biyu ko fiye na tele mai fitilun LED da ke daidai da girmanta.

Su ma masu sayar da akwatuna suna da nasu haƙƙi. Tambaya ɗaya, wace irin tele ce a gida, da minti biyar na daidaita saiti kafin mai saye ya tafi, za su rage yawan kayan da ake maidowa da ɓacin ran da ke biyo baya. Mai rumfar kallo kuwa ya gwada kayansa tun da rana, ya auna wutarsa, ya duba wayoyinsa, tun kafin 'yan kallo su biya kuɗin shiga, domin ba a fafe gora ranar tafiya.